Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran: Tarihin Kwanukan Tarewa a Zangon Kumasi

Gabatarwa

Duk wanda aka gayyata walimar tarewa a sabon gida, ko kuwa ganin ɗakin amarya, yakan tsaya ya yi shawara da zuciyarsa a kan abin da zai riƙa a hannu. Wani yakan ce a sayi kwanuka masu tsada da ƙarko, waɗanda za a shekara ashirin ana cin abinci a cikinsu. Wani kuma yakan ce wannan ɓarnar kuɗi ce, gara a sayi na roba masu araha, ko a sa kuɗin a ambulan a miƙa wa masu gida su yi abin da ya fi damunsu. A unguwannin Zangon Kumasi da ke ƙasar Gana, irin su Asawase da Aboabo da Sabon Zango, an shafe fiye da shekara 100 ana amsa wannan tambaya a aikace, kuma amsar takan sauya daga zamani zuwa zamani.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda abin ya kasance. Abin da take son nunawa shi ne, kwano mai tsada ya taɓa yin aiki uku a ɗakin Bahaushiya: mazubin abinci ne, ma'ajiyar dukiya ce, sannan shaidar zumunci ne. Darajarsa ta hau ta sauka gwargwadon yadda waɗannan ayyuka suka ƙarfafa ko suka raunana. Saboda haka, mai son yin irin wannan kyauta a yau yana bukatar ya san wanne daga cikin ayyukan nan uku ya rage, wanne kuma zamani ya tafi da shi.

Tarewa da Kayan Ɗaki a Al'adar Bahaushe

Tarewa ita ce komawar amarya ɗakin mijinta, kuma da wannan kalma ake amfani idan iyali suka koma sabon gida. Al'ada ta raba nauyin wannan sha'ani gida biyu. Miji shi ke tanadin muhalli da sadaki da lefe, iyayen amarya kuma su ke yin kayan ɗaki da gara. Kafin a kai amarya, 'yan uwanta mata sukan je su yi jere, wato su tsara gado da tabarmi da kwanuka yadda duk wanda ya shigo zai gani. Waɗannan kaya mallakar matar ne ita kaɗai. Shari'ar Musulunci ta tabbatar wa mace dukiyarta, miji ba shi da ikon sayar da ita ba da yardarta ba. Idan aure ya mutu takan kwashe kayanta, idan kuma ta rasu sukan shiga cikin gadonta.

Kayan ɗaki ba daga hannun uwa kaɗai suke fitowa ba. Gwaggo da inna da ƙawayen uwa da maƙwabta duk sukan kawo gudummawa, kuma gudummawar tana tafiya ne a kan tsarin biki: abin da mace ta kai wa ƙawarta a sha'aninta, za a mayar mata da shi ranar nata sha'anin, sau da yawa har da ƙari ko ninki. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance da musayar kyauta suke riƙe da rayuwar matan Hausawa tun kafin zuwan Turawa. Ke nan kowane kwano da ke cikin jere yana da sunan wadda ta kawo shi, kuma uwar amarya tana riƙe da lissafin a ka.

A zamanin da, ƙwarya ce uwar jere. Ana shuka duma a gona, a fafe shi, a yi masa zane, idan ya tsage gyartai ya ɗinke. Bayan ƙwarya akwai akushi na itace domin tuwon maigida, da kasko da tukunya na yumɓu, da faifai da ludayi. Abu mai tsada a wancan lokaci shi ne tasa ta tagulla, irin wadda maƙeran Bida da na Kano suke ƙerawa, ko wadda ayari ya ƙetaro da ita Sahara. Bahaushe ya san bambancin ƙarfin waɗannan mazubai, har ya yi karin magana da shi, ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Hanyar Gwanja da Kafuwar Zango

Goro ne ya kai wannan al'ada ƙasar Asante. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗewar hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 19 fataken Kano da Katsina da sauran garuruwa sukan yi tafiyar watanni da jakuna, ɗauke da tufafi da fatu da kanwa, su sauka a kasuwar Salaga su sayi goro. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken nazari a kan wannan fatauci a littafin da ya fitar a 1980. A lokacin, sarakunan Asante, waɗanda fatake ke kira Tonawa, ba su barin baƙin arewa su kutsa dazuzzukan goro su saya da kansu, sai dai su tsaya a kasuwannin kan iyaka. Duk da haka akwai malamai Musulmi a fadar Kumasi, kamar yadda Baturen Ingila Thomas Bowdich ya tarar a 1817.

Abubuwa sun sauya bayan 1874, shekarar da rundunar Ingila a ƙarƙashin Garnet Wolseley ta shiga Kumasi ta ƙone ta. Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, sannan yaƙin basasa ya wargaza ta a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa wasu garuruwa. Daga cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A 1896 Turawa suka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, a 1900 kuma suka murƙushe boren da Yaa Asantewaa ta jagoranta. Daga nan ƙofar Kumasi ta buɗe wa baƙi. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, noman koko ya bunƙasa, fatake da sojoji da leburori daga arewa suka yi ta kwararowa. Masaukinsu ya ci sunan da fatake ke kiran wurin yada kaya, wato zango. Mazauna wurin sun haɗa da Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Yarabawa da wasunsu, amma Hausa ce ta zama harshen unguwa, al'adun aure na Hausawa kuma suka zama abin koyi.

Darajar Tasa a Ƙasar Asante

Hausawa sun tarar da mutanen da su ma suke girmama mazubin ƙarfe. Maƙeran Asante suna zuba wani mazubi na tagulla mai murfi da ake kira kuduo, wanda ake ajiye garin zinariya da duwatsun ado a cikinsa, wani lokaci ma a binne shi tare da mai shi. Masana sun nuna cewa siffarsa da adonsa sun samo asali ne daga tasoshin Masar na zamanin Mamluk. A garin Nsawkaw da ke yankin Bono har yanzu akwai irin waɗannan tasoshi na ƙarni na 14 masu rubutun Larabci, waɗanda mutanen garin suke girmamawa. A ɗaya ƙarshen hanyar kuma, haƙar da aka yi a Durɓi ta Kusheyi kusa da Katsina a 1992 ta fito da tasa irin ta wannan zamani a kabarin wani babban mutum. Ke nan tun ɗaruruwan shekaru, daga ƙasar Hausa har bakin dajin Asante, tasa mai ƙarko alama ce ta sarauta da wadata.

Akwai wani misali da ya cancanci a tsaya a kansa. Daga cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Kumasi a 1896 akwai wata babbar buta ta tagulla, tsayinta ya haura santimita 60, nauyinta kuma ya haura kilo 18. Da aka bincika sai aka ga a Ingila aka ƙera ta a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Richard na Biyu, domin tana ɗauke da tambarin sarautar ƙasar. Yanzu tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wannan buta ta shekara fiye da 600 ba ta lalace ba, amma ta sauya hannu daga wata ƙasa zuwa wata, daga kyauta ko ciniki zuwa ganima. Ƙarkon abu yana tabbatar da cewa abin zai daɗe. Ba ya tabbatar da cewa zai daɗe a hannun wanda aka bai wa.

Asawase da Ma'anar Sabon Gida

Domin a fahimci matsayin kwano a Zango, dole a fahimci matsayin gida. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Kumasi, ta yi tsanani a tsohon Zango saboda cunkoso. Hukuma ta rushe gidaje da dama, aka kuma gina Sabon Zango. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matsalar muhalli ta ƙaru. A 1945 masu tsara birane Maxwell Fry da Jane Drew suka zana sabon fasalin Kumasi, kuma a tsakiyar waɗannan shekaru injiniyan gari A. E. S. Alcock ya jagoranci gina rukunin gidaje na gwaji a Asawase, inda aka yi amfani da jar ƙasa gauraye da siminti kaɗan domin a rage tsada. Daga wannan rukuni unguwar ta yaɗu, har ta haɗe da sauran unguwannin Musulmi na gabashin birnin.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, ƙasar Kumasi tana ƙarƙashin sarautar Asante ne, baƙo yakan sami fili ne bisa yarjejeniyar haya ta wasu shekaru. Na biyu, yawancin mazauna Zango suna zaune ne a manyan gidaje na haɗaka, iyali guda a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida da madafa kuwa na kowa da kowa. Enid Schildkrout ta bayyana wannan zama a littafinta na 1978 a kan mutanen Zangon Kumasi, Deborah Pellow kuma ta yi makamancin wannan nazari a Sabon Zangon Akra a 2002. A irin wannan yanayi, sabon gida ga mafi yawan mata yana nufin sabon ɗaki. Gini na wani ne, ƙasa ta wani ce, amma abin da ke cikin kabad na matar ne. Dukiyar da za a iya ɗauka a tafi da ita ta fi dacewa da rayuwar baƙo, kuma kwano yana cikin sahun gaba na irin wannan dukiya.

Zamanin Langa da Kwalla

Abin da ya kawar da ƙwarya daga kan jere shi ne kwanon ƙarfe mai fenti. Ana yin sa ne da farantin ƙarfe mara kauri, a shafe shi da garin gilashi, a gasa shi a wuta mai zafin kimanin digiri 800 har garin ya narke ya manne. Sakamakon haka yakan fito da sheƙi da launuka, ba ya shan mai, ba ya riƙe wari, kuma muddin fentin bai ɓantare ba, tsatsa ba ta kama shi. Manyan kamfanonin ciniki na Turawa, irin su UAC da aka kafa a 1929, su suka riƙa shigo da shi daga Turai, ciki har da ƙasar Cekoslobakiya. A shekarun 1950 masana'antun Hong Kong suka mamaye kasuwar, har Afirka ta Yamma ta zama babbar kasuwarsu. Da ƙasashen yankin suka sami 'yanci suka ɗora haraji a kan kayan waje, sai wasu daga cikin masu masana'antun suka tattaro injinansu suka kafa a Nijeriya da Gana. Kamfanin Nigerian Enamelware da ke Legas, wanda aka kafa a 1960, ɗaya ne daga cikinsu.

Hausa ta yi wa waɗannan kwanuka sunaye gwargwadon girma da siffa: langa da fanteka da samira da kwalla da daro. Ana sayen su saiti-saiti, ƙarami ya shiga cikin babba, a jera su hawa-hawa har su kusa taɓa rufi. Yawancinsu ba a taɓa zuba abinci a ciki. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki suka koma daga abin da mace ke nomawa ko saƙawa zuwa abin da sai da kuɗi ake saye, da yadda hakan ya ƙara wa iyaye mata nauyi. Schildkrout kuma, a binciken da ta yi a Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallar da 'yan mata ke yi tana tafiya ne wajen tara waɗannan kaya. A Zangon Kumasi ma sana'ar abinci ce ginshiƙin mata: koko da ƙosai, fura, wake da shinkafa wanda sunansa ya zama waakye a bakin mutanen Gana, da tuwo mai zafi wanda ya zama tuo zaafi. Ribar wannan sana'a da kuɗin adashi su ne suke zama kwalla ɗaya bayan ɗaya.

Kwano a Matsayin Ma'ajiyar Dukiya

Mai kallo daga waje yana iya ganin wannan tari a matsayin alfahari kawai. Tarihin Gana ya nuna akwai hikima a ciki. Kwalla ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, kowa ya san farashinta a kasuwa, kuma ana iya sayar da guda ɗaya a bar saura. Tana a fili inda kowa ya san ta mai ɗakin ce, saboda haka da wuya wani ya karɓe ta da sunan aro kamar yadda akan karɓi tsabar kuɗi.

Zaman baƙo kuwa bai taɓa zama tabbatacce ba. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yanci, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan jagororin Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, zuwa Nijeriya saboda dalilan siyasa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Dubun dubatar mutane suka fita, ciki har da waɗanda a Gana aka haife su. Masu gidaje da rumfuna da gonakin koko sun sayar da su a wulaƙance ko sun bar su a hannun wasu, domin gini ba ya hawa mota. Abin da ke hawa mota shi ne tufafi da 'yan kunne da kwanukan da ke shiga cikin juna.

Kuɗin takarda ma bai tsira ba. Hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977 da 1981 da 1983. A watan Maris na 1979 gwamnatin soja ta canza takardun sidi, inda aka riƙa ba mutum sabon sidi 7 a kan tsohon sidi 10 idan kuɗinsa bai wuce 5,000 ba, abin da ya haura haka kuma a ba shi rabi. A 1982 aka janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. Matar da ta ɓoye ribarta a ƙarƙashin katifa ta yi asara a kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta. Wadda ta mayar da ribarta kwalla kuwa, dokar canjin kuɗi ba ta taɓa kabad ɗinta ba. A wancan zamani, wanda ya kawo wa amarya saitin kwano mai tsada ya ba ta abin da za ta iya sayarwa ranar da ciwo ya zo, ko ta ajiye wa 'yarta. Amsar tambayarmu a lokacin a bayyane take: kyautar ta cancanci kuɗinta.

Yadda Darajar Kwalla Ta Faɗi

Sai dai wannan daraja ta dogara ne a kan sharaɗi guda, wato a sami mai saye. Daga 1983 Gana ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, aka sassauta shigo da kaya, kuma a shekarun da suka biyo baya kasuwanni irin su Kejetia suka cika da kwanukan silba da tangaran da gilashi da kuloli masu riƙe zafi, yawancinsu daga ƙasar Sin ko ta hanyar Dubai. Idon 'yan mata ya koma kan waɗannan, tare da kujeru da firji da talabijin. Haka abin ya faru a Kano da Katsina da Maraɗi. Uwar da ta shekara goma tana tara wa 'yarta kwalla sai ta wayi gari 'yar ba ta so, kasuwa kuma ba ta biyan abin da aka kashe. Kwanukan suna nan garau, ko ɗigon tsatsa babu, amma yayinsu ya wuce. Wannan ya nuna cewa ƙarko daban, daraja daban.

Aikin ajiyar dukiya ma ya sami wasu masu yin sa. Asusun banki ya yaɗu, kuma tun daga 2009 da aka fara ajiya da aika kuɗi ta wayar hannu a Gana, mai sayar da koko tana iya adana ribarta ba tare da ta je banki ba. Gaskiya ne sidi bai daina rasa daraja ba. A 2007 sai da aka yanke masa sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya zama sabo 1, a watan Disamba na 2022 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Amma mai neman mafaka daga wannan a yau yakan nufi zinariya ko fili ko kayan sana'a. Farantin tangaran da aka fitar daga kwali ba ya komawa kasuwa da rabin kuɗinsa.

Akwai mazubi ɗaya da bai faɗi ba, shi ne babbar tukunyar alminiyom da mutanen Asante ke kira dadesen. Gana ta shiga harkar alminiyom bayan kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965 da buɗe masana'antar VALCO a Tema a 1967, amma ita wannan tukunya ƙananan maƙera ne ke zuba ta daga tarkacen alminiyom a cikin yashi. Ba ta taɓa hawa kan jere ba, kullum tana kan murhu. Da ita ake dafa waakye na sayarwa, da ita ake girkin suna da aure, kuma maƙwabta sukan ara. Darajarta ta tsaya ne a kan aiki, shi ya sa sauyin yayi bai shafe ta ba.

Abin da Mai Kyauta Zai Auna a Yau

Idan aka tattara wannan tarihi, za a ga cewa daga cikin ayyuka uku na kwano mai tsada, na tsakiya ya tafi. Saura amfani da zumunci, kuma da su biyun ya kamata a auna kyautar.

Ta fuskar amfani, lissafin mai sauƙi ne. Abin da ya ninka wani sau biyar a farashi amma ya ninka shi sau goma a daɗewa, shi ne mai araha a ƙarshe, kuma tuni Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Amma lissafin yana aiki ne kawai idan ana amfani da abin. Saitin da aka kulle a kabad ana jiran baƙon da bai zo ba, bai biya ko kwabo daga kuɗinsa ba. Haka nan dole a dubi gidan da za a kai shi. Tangaran na gaske ana gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,200, saboda haka ba ya shan mai kuma ba ya dusashewa, amma faɗuwa ɗaya a kan siminti ta ishe shi. A gidan haɗaka mai yara da yawa, inda ake wanke-wanke a tsakar gida ana girki a kurfoti, kwanon silba mai kauri da tukunya mai nauyi da kula mai kyau sun fi shi ƙarko. Kwano mai fenti yana da kyau har ranar da ya ɓantare, daga nan tsatsa ta sami ƙofa. Tukunyar da aka zuba daga tarkace ma tana bukatar lura, domin binciken masana a ƙasashen Afirka da dama ya gano dalma a cikin wasu daga cikinsu, kuma dalma guba ce, musamman ga yara. Tsadar da aka biya domin a sami ƙarfe mai tsabta tsada ce mai dalili.

Ta fuskar zumunci kuwa, tsarin biki bai mutu ba. Kyauta mai tsada tana iya zama nauyi a wuyan wanda aka bai wa, domin ranar sha'anin mai bayarwa za a sa ido a ga abin da zai mayar. A nan karin maganar ƙwarya da akushi take aiki a kan mutane. Wanda ya fi ƙarfin abokinsa nesa ba kusa ba, ya kamata ya bayar ta hanyar da ba za ta zama bashi ba, ko kuma 'yan uwa da abokai su yi karo-karo su sayi abu guda mai nagarta da sunan su duka, yadda ramuwar ba za ta faɗa kan mutum ɗaya ba. Addini ma ya sa wa tsada iyaka, domin hadisai ingantattu sun hana ci da sha a mazuban zinariya da azurfa, kuma an yi hani ga almubazzaranci. Idan masu tarewa suna fama da bashin haya, wanda a biranen Gana akan nemi a biya na shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, to kuɗi a ambulan ya fi musu kowane faranti.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin kwanukan tarewa daga ƙwaryar ƙasar Hausa, ta hanyar Gwanja, zuwa ɗakunan Asawase. An ga yadda tasa ta kasance alamar sarauta, yadda langa da kwalla suka zama taskar mata a lokacin kora da canjin kuɗi, da yadda darajarsu ta faɗi alhali jikinsu bai lalace ba. Abin da za a ɗauka shi ne, kwano mai tsada da ƙarko ya cancanci a saya a matsayin kyautar tarewa idan zai sauko daga kabad ya shiga hidimar gida, idan ya dace da irin girkin gidan da yanayinsa, kuma idan bai ɗora wa mai karɓa bashin da ba zai iya ramawa ba. Wanda ya saya da nufin ya ajiye wa amarya dukiya kamar yadda kakanni suka yi, ya makara da kimanin shekara 40. Wanda kuwa ya sayi tukunya ko kwanon da za a riƙa ɗauka kullum, har yaran gidan su tashi suna kiran sa da sunan wanda ya kawo shi, to ya bi sawun matan da suka riƙa kai wa juna ƙwarya tun kafin a san hanyar Kumasi.